Yadda za ka gano ramin suwic da na'ura take ciki ta hanyar lambar MAC

Firintar ofis ta ƙi aiki, ka leƙa bayan suwic, akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa a cikinsa, ka tarar da wayoyi sun cakuɗe ba wanda ya sa musu alama. Ba sai ka dinga zare su ɗaya bayan ɗaya kana katse wa mutane aiki ba.

Suwic na yau da kullum fa ba ruwansa da IP, wato adireshin na'ura a netwok, MAC yake bi, lambar nan mai alamomi 12 da ke zuwa da kowane katin netwok, bit 48 ce, rabin farko na kamfanin da ya ƙera katin ne, IEEE ke raba musu. Duk saƙon da ya shigo sai suwic ya duba MAC ɗin wanda ya aiko ya rubuta a teburinsa cewa wane yana rami kaza. In ya san ramin mai karɓa can kaɗai zai tura, in bai sani ba sai ya watsa ta duk ramukan banda wanda saƙon ya shigo ta ciki, da mai shi ya amsa shikenan ya haddace. Teburin nan za mu tambaya.

Daga kwamfutarka fara yi wa IP ɗin firintar ping, wato ka aika mata ɗan saƙon gwaji, sannan ka buga arp -a, MAC ɗinta zai fito kusa da IP ɗin. Kar ka tsallake ping ɗin nan, don suwic na kamfanin Cisco in na'ura ta yi shiru na sakan 300 goge ta yake daga tebur. Sai ka shiga suwic ka buga show mac address-table, ka nemo lambar, ga ramin nan a gefe. Lura, Windows biyu-biyu yake rubuta ta da layi a tsakani, Cisco kuma huɗu-huɗu da ɗigo, lamba ɗaya ce dai.

In ka ga MAC rututu a rami ɗaya to wani suwic ne a can ko na'urar Wi-Fi, sai ka bi wayar ka maimaita a can. Dole kuma kai da firintar ku zama a netwok ɗaya, don MAC ba ya tsallake rauta, na'urar da ke haɗa netwok da wani netwok, in kuna rabe na rautar kawai za ka gani. Ƙananan suwic masu arha da ba a iya shiga cikinsu kuwa suna da teburin amma ba za su nuna maka ba, nan kam sai bin waya da hannu.