Yadda Ake Aikin Ƙaba da Raga, da Abin da Ke Ɓata Shi

Ƙaba ba ta jin jiƙo, ba ta jin ƙwaya. Ɓula ce a bangon ciki wajen matsematsi, hanji ko kitse ke leƙowa ta cikinta, kuma maganin ɓula ɗinki. Kusan namiji ɗaya cikin huɗu zai gamu da ita a rayuwarsa, mata kuwa wajen uku cikin ɗari. Abin takaici shi ne yadda kunya ke sa magidanci ya ɓoye ta cikin babbar riga shekara da shekaru, har ta gangara cikin maraina ta zama gwaiwa.

Kafin a ɗauki wuƙa, a duba mutum a tsaye ya yi tari, sannan a kwance a ga ko kumburin na komawa. A haska tocila a bayan marainan: in haske ya ratsa, ruwa ne, aikinsa daban. Sai a nemi abin da ke tunkuɗo ƙabar daga ciki, wato tsohon tari, taurin bahaya, ko dattijon da ba ya fitsari sai da yunƙuri. In ba a magance su ba, su ne za su yaga ɗinkin. Mai shan taba ya ajiye ta mako huɗu, mai ciwon suga ya daidaita shi, don biyun nan ke hana rauni haɗewa. Mace kuwa a duba ta da kyau, domin tata na iya fitowa ta ƙasa, a saman cinya, kuma irin wannan ta fi saurin shaƙe hanji. Ba a jinkirta aikinta.

Yawancin manya ba su buƙatar allurar barci. Lidoken, maganin allurar da ke kashe zafi a wurin aikin kaɗai, mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari ya isa, a bi da shi daki-daki tun daga fata. Iyakarsa miligiram 3 a kowane kilo in shi kaɗai ne, miligiram 7 in an haɗa da adirenalin. Mai kilo 60 ke nan kada ya wuce mililita 36 na zallarsa. Amfanin wannan hanya, mutum ya tashi da ƙafarsa, fitsari bai riƙe ba, kuma ana iya ce masa "yi tari" a gwada aikin kafin a rufe.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ta Lichtenstein, wadda aka bayyana a Amurka a 1989, wato a shimfiɗa raga, wani yadi na musamman, a ɗinke ta a kan ɓular. Ana tsaga fata santimita 5 zuwa 6 daga ƙullin ƙashin mara zuwa gefe, a buɗe farin tantanin tsoka. A nan mai gaggawa ke ɓarna. Jijiyoyin ji guda uku ne ke ratsa wurin, sirara kamar zaren ɗinki, kuma sai an gan su an kauce musu. Wajen mutum ɗaya cikin goma na fama da zogi bayan wata uku da aiki, kuma sau da yawa jijiya ce aka ɗaure ko aka ƙona.

Daga nan a ɗago igiyar maraina, mai ɗauke da hanyar maniyyi da jijiyoyin jini, a rataye ta, a ware jakar ƙabar a mai da abin da ke ciki. In jakar ta kai har ƙasa, kada a ce sai an ɓaro ta duka. A yanke ta a tsakiya, a rufe ta sama, a bar ta ƙasa a buɗe. Mai bin ta har ƙarshe yakan yaga jijiyoyin jini, ɗan maraina ya kumbura, daga baya ya motse.

Ragar a yanka ta santimita 7.5 da 15. Ta haye ƙullin ƙashin mara da santimita 2, domin ta wannan lungu ƙaba ta fi dawowa, kuma a ɗinke ta a naman da ya lulluɓe ƙashin, ba a ƙashin ba. Gefen ƙasa a bi da shi jikin ƙaƙƙarfar jijiyar matsematsi da zaren da ba ya narkewa, har a ɗan gota ƙofar da igiya ke fitowa. A tsaga ragar wutsiya biyu, ta sama kashi biyu, ta ƙasa kashi ɗaya, a gitta su a bayan igiyar ba tare da an shaƙe ta ba. Gefen sama ɗinki kaɗan ya isa. A bar ta da ɗan sako-sako: raga na tsukewa a jiki, kuma cikin wanda ke kwance ba irin na wanda ke riƙe da garma ba ne.

Ba kowa ake sa wa raga ba. Yaro jakar kawai ake ɗaurewa. In hanji ya ruɓe ƙazanta ta ɓata wurin, a ɗinke da naman jiki, kuma mafi inganci a nan ɗinkin Shouldice ne mai hawa huɗu. Tsada ma kan hana. Gwajin da aka yi a Yuganda, aka wallafa a 2016, ya nuna raga mai arha irin ta gidan sauro ta yi daidai da ta kamfani. Amma a lura, yadi ne marar magani da aka tantance aka turara a asibiti, ba gidan sauron da ake rabawa ba.

Bayan aiki mutum ya taka a ranar, ya sha farasitamol, ya yi salla a zaune kwana biyu in ruku'u na ja masa. Ƙaramin aiki ya koma da zarar jiki ya yarda, noma da dako kuwa sai bayan mako biyu zuwa huɗu. Ɗan kumburi ba abin tsoro ba ne. Zazzaɓi, ja, ko mugunya, a koma asibiti.

Wanda kuma ba a yi wa aiki ba tukuna, in ƙaba ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, ga amai, ga ciki ya ɗaure, kada a danna ta da ƙarfi, kada a ba shi ko ruwa. Hanjin da jini ya yanke masa kan fara mutuwa cikin awa shida, don haka a nemi mota a daren, kada a jira gari ya waye.