Yadda Ake Shirya Teburin Aiki Kafin Fara Zanen Tatu

Masu koyon zanen tatu sukan kashe kuɗinsu da lokacinsu wajen zaɓen inji, alhali yawancin ɓarnar da nake gani a teburin aiki take faruwa. Game da inji dai, mai koyo ya sayi rotari, wato injin da ƙaramar mota mai juyawa ke motsa allurarsa, domin bai kai koyil, mai aiki da maganaɗisun lantarki, nauyi da ƙara ba.

Ka fara da goge teburi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka bar shi ya jiƙu na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar, sannan ka shimfiɗa sabuwar leda. Daga nan ka naɗe duk abin da hannunka zai taɓa: injin da wayarsa, maɓallin ƙara wuta, kwalbar feshi, har da hannun fitila.

A nan ne masu koyo suke faɗuwa. Suna ɗauka cewa da zarar sun sa safar hannu komai ya yi daidai, sai ka ga mutum ya goge jini da tishu, ya miƙa wannan hannun ya gyara fitila ko ya ɗauki wayar salula. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini na aƙalla kwana 7, saboda haka abin da ka taɓa yau zai iya isa ga wanda zai zo jibi. Idan dole ka taɓa abin da ba a naɗe ba, ka cire safar, ka wanke hannu, ka sa sabuwa.

Tawada kuwa a zuba ta a ƙananan kofunan roba tun kafin a fara, kuma wadda ta rage a zubar. Ba a mayar da ita kwalba, komai tsadarta. Man basilin ma a ɗebo shi da tsinken katako.

Ka buɗe allura a gaban wanda za a yi wa zanen bayan ka duba ranar ƙarewar wa'adinta. Mariƙin ƙarfe na injin sai ya shiga otokilef, wato na'urar kashe ƙwayoyin cuta da tururi mai matsi, a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, domin tafasasshen ruwa ba ya wuce digiri 100. Wanda bai da kuɗin wannan na'ura ya sayi mariƙin roba da ake yarwa bayan aiki ɗaya.

Da an gama, allura ta shiga mazubi mai kauri da ba ya hujewa, a kwance ledoji, a sake goge teburi.