Hunturu ga ɗauke wuta: yadda za ki shirya gidanki

Uwargida, in dai a Jos kike ko Zariya kin san daga Disamba zuwa Janairu sanyi ba ya wasa, kuma lokacin ne 'yan NEPA za su ɗauke wuta ki rasa abin dafa ko ruwan shayi. To tun Nuwamba ki cika tukunyar gas ɗinki, mai kilo 12.5 ɗin nan, ki ajiye buhun gawayi da kurfoti, ashana kuma a cikin gwangwani mai murfi.

Da an kawo wuta ki tafasa ruwa ki cika filas, shi za a yi alwalar asuba da shi a dama wa yara kunu. Tagogi a toshe da tsumma, yara su kwana ɗaki ɗaya da safa da hula, ga bargo, a shafa musu man kaɗanya.

Amma don Allah kar a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa wai ana jin ɗumi, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, mutum yana barci za ta kashe shi, janareta ma haka, waje ake ajiye shi nesa da taga. In wani ya fara ciwon kai da jiri, a fito da kowa waje a wuce asibiti.