Yadda ake riƙe grup ɗin WhatsApp na unguwa ba tare da an kai ka gaban mai unguwa ba

Duk wanda na ga an ba shi admin a grup ɗin unguwa, abin da yake fara yi shi ne ya zauna ya jero dokoki goma sha biyar da jajayen alamomi, kamar sanarwar komisariya. Kafin a yi mako biyu sai ka ji ya yi fushi ya fice. Na ga haka a grup ɗin tsoffin 'yan lakwal ɗinmu, na gan shi a na wasu 'yan kasuwar Dole, saura ƙiris ya faru da ni a namu na unguwa nan Damagaram, wanda nake riƙe da shi shekara ta uku ke nan, fisabilillahi, ko kuɗin megas na intanet ba wanda ya taɓa ba ni. Ba zan tsaya koya maka buɗe grup ko saka mutum a ciki ba, ƙanenka ɗan shekara goma ya fi mu iyawa.

Kafin ka ce ka karɓa, bincika wa ya buɗe grup ɗin. WhatsApp ba ya barin sauran admin su sauke wanda ya buɗe. In mutumin ya tafi Agadas ko Libiya neman kuɗi, lambarsa tana hannun wanda ba ku sani ba, ku haƙura ku buɗe sabo. Kuma kada ka riƙe kai kaɗai. Ku zama uku: dattijo guda wanda ake jin kunyarsa, mace guda, don akwai maganar da mata ba za su kawo maka ba, sai matashi mai raba dare a fada wajen shan shayi. Uku nake cewa, ba biyar ba. In kun yi yawa, kowa zai bar wa ɗan'uwansa.

Dokoki uku sun isa. Grup na labarin unguwa ne: ruwa ya zo a famfo, rasuwa, suna, ɗaurin aure, cigiya. Wanda ya san wahalar ruwa a garin nan ya san darajar saƙon ƙarfe biyun dare mai cewa a fito da jarkoki. Ba siyasa, ba gardamar Izala da ɗariƙa. Ba a kama sunan mutum ko a sa hotonsa da zargi. Kada ka rubuta kawai, ka faɗa da bakinka a vokal ɗin da bai wuce minti ɗaya ba, don da yawa cikin iyayenmu saurare suke, ba karatu ba. Ka kafe saƙon a saman grup. Iyakarsa kwana 30 ya sauka, saboda haka duk farkon wata sai ka sake. Sannan ka rufe ƙofa: kunna wurin da ke sa sai admin ya yarda kafin baƙo ya shiga, ka sauya mahaɗin gayyata in ya yi yawo. Grup na iya ɗaukar mutum 1024, amma ni da zarar na ga lambobin da babu wanda zai ce ga gidansu, na san an koma kasuwa.

Yanzu ga inda ake faɗuwa, kuma nan na faɗi. Duk vokal ɗin da ya shigo sai ka saurare shi har ƙarshe. Duka, ba zaɓe.

Wani dare cikin zafin Afirilu, an ɗauke wuta, cajina ya kusa ƙarewa, sai ga vokal na minti bakwai daga wani dattijonmu, da hoto biye da shi. Ya saba turo wa'azi da dare, na ce ai shi ne, gobe na ji. Ashe babur ɗinsa ne ya ɓata a ƙofar gida, ya kama sunan wani yaro ɗan kabu-kabu ya ce shi aka gani yana kewaya wurin, ga hotonsa. Kafin a fito sallar asuba saƙon ya shiga grup-grup na unguwannin Zango da Garin Malam. Da hantsi uwar yaron ta yi sallama a gidana, mayafi a hannu, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce, “Kai ne mai grup ɗin?” Na ce ai ba ni na turo ba, Inna. Ta ce, “A gidanka aka zage shi, kana kwance.” Da azahar ƙanen dattijon ya dawo daga Mirya a kan babur ɗin, aro ya yi bai faɗa ba. Sai da muka zauna gaban mai unguwa, aka ba da haƙuri, amma yaron ya daɗe fasinjan unguwa na kauce masa. Na goge saƙon a namu, na sauran wuraren kuwa ba ni da hannun da zai kai.

Tun ranar na sauya tsari. Dogon vokal ina sa shi a saurin 1.5, in mai jan magana ne na kai shi 2, minti bakwai ya koma uku da rabi. In kuɗin megas ne damuwarka, kashe saukar bidiyo da hotuna ta kai tsaye, su ne ke cinye forfe, murya ba ta da nauyi. Da na ji suna haɗe da zargi, ba shawara, gogewa nake. Admin na da ikon goge saƙon kowa ga kowa, kuma an ba da wajen kwana biyu, amma kada wannan ya ruɗe ka, minti goma sun ishi saƙo ya tsallaka. Ka kuma sani, wurin da ka goge zai nuna sunanka, kowa zai ga kai ka yi.

Shi ya sa mataki na gaba ya fi gogewar muhimmanci: kira mai saƙon nan take, kafin wani ya riga ka kai masa labari da gishiri. Kada ka gyara wa babba a cikin grup, ko da kalma ɗaya. Sababbin admin suna son rubuta “don Allah a kiyaye doka” a ƙarƙashin saƙon mutum, su ɗauka sun yi ladabi, alhali sun tsinka shi gaban 'ya'yansa da surukansa. Ni kira nake, mu gaisa sosai, in tambayi iyali da gajiya, sannan in ce, “Baba, na taɓa saƙonka, ba raini ba ne. Tsoro na ji kada a juya maka magana a kai ka inda ba ka so.” Kuma ba ƙarya na yi ba. Nijar na da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, a watan Yunin 2024 kuma aka dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta waya. In ka nuna wa mutum shi kake karewa, da wuya ya ƙi ji. In ya hau sama duk da haka, bari sai bayan la'asar ka tafi gidansa da ƙafarka, ka tafi da dattijon admin ɗinku. Ranar da ka ɗauke shi domin ta ke nan.

Saƙon da ka gani da kibiya biyu, mai alamar an yi ta turawa, ka ɗauke shi ƙarya har sai ka tabbatar. Yawanci hoton ɓarayin yara ne da ya shekara yana yawo, ko maganin da ke warkar da komai. In rigima ta kaure da dare, mayar da grup sai admin kaɗai ke iya magana, ka yi vokal ka ce an rufe sai bayan asuba. Barci na kashe rabin faɗa. Sai dai ka tuna ka buɗe, na taɓa mantawa har aka yi jana'iza wasu ba su ji ba.

Sauran ba wuya. Cire mutum sai bayan kira biyu, kuma ku uku ku yarda, ka faɗa masa kafin ya gani. Masu tallar atamfa da turare ka ba su Alhamis, ranar kasuwa, sauran kwanaki a huta. Kuɗin gudummawa kada su bi ta lambarka ko jika guda ce, a naɗa ma'aji, a riƙa karanta lissafi a fili. Sa wa WhatsApp ɗinka lambar sirri ta mataki biyu, kuma duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambobi shida da suka shigo maka, kashe wayar, asusunka yake son ƙwacewa ya roƙi 'yan unguwa kuɗi da sunanka. In za ka yi tafiya inda babu rezo, ko Tanut ne kwana biyu, gaya wa sauran biyun tun daren jiya.