Yadda Zaka Nemo Tsofaffin Ƙarafa Da Google Maps Kafin Ka Ƙona Mai

'Yan uwa 'yan gwangwan, da tsadar man nan ba dole bane ka hau mashin kana zagaye Kaduna kana leƙen katangar mutane. Wayarka ta isa ta rage maka rabin yawon.

Buɗe Google Maps, a sama ta hannun dama akwai wani ɗan maɓalli kamar takardu biyu ɗaya kan ɗaya, danna shi ka zaɓi hoton satalayit. Sai ka fara da inda ƙarfe ke taruwa, Kakuri wajen tsofaffin masaƙu, Kudenda, bayan garejin kanikawa, gonakin kaji da aka daina a bakin gari. Kayi zumin sosai.

Anan ne ake gane gwani. Kwarangwal ɗin mota zaka ganshi ɗan dogon murabba'i, amma abin dubawa shine ƙasan da ke gefensa, in ciyawa ta zagaye shi babu sawun taya to ya daɗe a wajen. Tankin ƙarfe yana fitowa zagaye da inuwa a gefe, tsawon inuwar shi ke nuna maka tsayinsa. Kuma kada duk jan abu ya ruɗe ka, rabin rufin Tudun Wada tsatsa ne, gidajen mutane ne suna ciki! Hoton rani yafi na damina nesa ba kusa ba, da damina ciyawa ta rufe komai.

Matsalar ɗaya, hoton ba na yau bane, wani ya shekara ko fiye. Ni na taɓa zuwa har Mando kan wata tsohuwar tifa, naje na tarar an gina shaguna a wajen. Shiyasa ka duba Google Earth, yana nuna ranar hoton kuma zaka iya komawa shekarun baya, abin da ka gani a hoto uku bai motsa ba shi zaka bi.

In ka samu, danna wajen ka riƙe ka ajiye alama, sannan kaje da ƙafarka. Sallama ga maigadi ko mai unguwa, a haɗa ka da mai wajen, kuyi ciniki ya rubuta maka takarda da lambarsa. Ƙarfen layin dogo, wayar wutar lantarki da tiransifoma kuwa ko kyauta ne kada ka taɓa, kayan gwamnati da na kamfanin wuta ne, 'yan sibil difens na kama mutane akai. Ka tambayi farashin kilo a kasuwar Panteka tun kafin ka taya, kuma ka lissafa kuɗin mai yanka ƙarfen da na mota.