Yadda ƙauyukan gefen Yankari za su ci moriyar baƙin dajin

An keɓe dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya kuma zama gandun daji na ƙasa daga 1991 har zuwa 2006 da aka mayar da shi hannun jihar. Shekara da shekaru motocin baƙi suna karya kwana a Dindima, su shiga ta ƙofar Mainamaji, su zarce masaukin baƙi na Wikki, alhali rabon yawancin manoman gefen dajin bai wuce ƙurar mota da ɓarnar giwa ba. Muddin manomi yana kallon giwa a matsayin asara zalla, ba wanda zai shawo kansa ya kare ta, don haka dole kuɗin baƙi ya riƙa tsayawa a ƙauye.

Aikin yana farawa ne da zama a ƙofar dagaci, a kira manoma da makiyaya da maharba da mata masu sana'a, a kafa ƙungiyar gama-kai, a yi mata rajista, a buɗe mata asusu wanda mutum ɗaya ba zai iya cire kuɗi daga cikinsa shi kaɗai ba. A nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin rabon kuɗi ne ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyi. Tun kafin naira ɗaya ta shigo, a rubuta kason wanda ya yi aikin, da kason gyaran rijiya ko makaranta, da kason da za a ajiye domin tallafa wa wanda giwa ta cinye masa dawa, sannan a karanta takardar a bainar jama'a.

Daga nan wakilan ƙungiyar su nemi ganawa da hukumar dajin, da kuma ƙungiyar kare namun daji ta WCS da ke aikin kariya a Yankari tare da gwamnatin jiha tun 2014. Su je da buƙata takamaimai: wurin baje kaya kusa da ƙofar shiga, damar kai kayan miya da ƙwai da zuma ɗakin girkin Wikki, da horar da matasa aikin rakiyar baƙi. A ganina tsohon maharbi ya fi kowa cancanta da wannan aiki, domin shi ne zai durƙusa ya dubi sawu a kan yashi, ya ce gwanki ne ya wuce da asuba ba ɓauna ba, kuma idan saninsa yana kawo masa kuɗi, ba zai koma ɗana tarko ba. Sai dai kada kowa ya shiga da baƙo cikin dajin ba tare da izinin hukuma ba.

Kayan sayarwa su zama na gida: masa da zafinta, ƙuli-ƙuli, zoɓo, faifai da tabarma, da farashi ɗaya ga kowa. Naman daji kuwa, ko baƙo ya roƙa, a hana shi.

Baƙi sun fi zuwa da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji, sai kuma lokutan Sallah da Kirsimeti, saboda haka kada kowa ya yi watsi da gonarsa. Da damina ƙungiyar ta mayar da hankali ga tsaron amfanin gona, a naɗa masu sanar da jami'an daji ta waya da zarar an ga giwaye sun doso, a turara barkono a bakin gona, a kuma rataya amya a kan iyaka, tunda giwa tana gudun ƙudan zuma. Zumar da aka ɗiba a tace ta, a zuba a kwalabe masu tsabta, a ajiye wa baƙin rani.