Babi Na Bakwai: Ku Shimfiɗa Kaya, Yaro Ya Ja Gaba

Wanda ya taɓa reno ya san wannan: yaro ɗan wata goma ya jefar da cokali, a ɗauko masa, ya sake jefarwa, har mai ɗaukowa ya gaji ya ce yaron nan akwai fitina. Alhali kuwa aiki yake yi. Yana sauraren ƙarar cokalin, yana duba inda ya faɗa, yana gwada ko wannan karon ma ƙasa zai nufa.

Yaro ba ya koyo da dogon bayani. Kafofinsa na sanin duniya su ne ido, kunne, hanci, harshe da fata. Akwai wasu biyu da ba a cika ambata ba: ɗaya a can cikin kunne take, ita ce ke gaya masa ya karkata ko yana tsaye daidai, ɗayar kuma tana cikin tsoka da gaɓoɓi, tana sanar da shi inda hannunsa da ƙafarsa suke ko da bai duba ba. An ce gani ya kori ji. A wurin ƙaramin yaro kuwa, taɓawa ce take korar gani. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa daga haihuwa zuwa wajen shekara 2 da jiki da motsi yaro yake tunani. Kafin ya cika shekara 5 kuma, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba.

To, mene ne aikin babba? Ya tanadi wuri da kaya, ya zauna kusa, ya kame nasa hannun. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya. Maria Montessori, likita 'yar Italiya da ta buɗe gidan koyar da yara a birnin Rum a 1907, a kan haka ta gina tsarinta: malama ta shirya kaya inda hannun yaro zai kai, shi kuma ya zaɓi abin da zai yi.

Mu ɗauki ruwa misali. Ku zuba ɗan kaɗan a faffaɗan kwano, ku ajiye kofi biyu, babba da ƙarami, da soso, da murfin roba. Kada ku ce masa komai. Wani yaron zai yi ta juye ruwa daga wannan kofi zuwa wancan. Wani kuwa ba ruwansa da kofi, tafin hannu zai riƙa bugawa yana dariya. Duka daidai ne. Mai juyewa zai ga ruwan babban kofi ya fi ƙarfin ƙaramin, ya malale. Idan kuka riga shi kuka ce "zai zube fa", kun ƙwace masa darasin. Ku bari ya zube. Idan ya ɗago ya dube ku, sannan ku ba abin suna: "Ya cika." "Akwai sanyi." "Soso ya yi nauyi." Kalmar da ta zo lokacin da hannu yake jiƙe ta fi zama a kai. Riga za ta jiƙe, ƙasa ma haka, shi ya sa ake zaɓar wurin da ba za a yi faɗa a kansa ba.

Yashi mai tsabta da laka ma haka ake yi da su, sai dai a jira yaro ya rage kai komai baki. Jaririn da ya fara zama kuwa, a haɗa masa kwando: tsumma mai laushi, wani mai kaushi, cokalin katako, murfin tukunya. Gwangwani da sanda sun isa kiɗa. Tafiya ba takalmi a kan ciyawa, da tabarma, da siminti, ita ma makaranta ce. Idan yaro ya janye hannu daga laka yana yamutsa fuska, kada a tilasta shi. A ba shi sanda ya tsokana daga nesa, wata rana da kansa zai tsoma yatsa.

Barin yaro ya ja gaba ba sakaci ba ne. Ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba yana iya halaka ƙaramin yaro, kuma shiru abin yake faruwa, ba ihu. Kada ku tashi ko da amsa sallama ce, sai kun ɗauke shi ko kun zubar da ruwan. Duk abin da zai shige bakin yaron da bai kai shekara 3 ba, kamar tsakuwa, maɓalli ko kwabo, a kawar. Ƙaramin batirin agogo ya fi su haɗari, domin yana ƙona maƙoshi cikin awoyi kaɗan. Idan aka haɗiye shi, asibiti nan take. Leda da doguwar igiya ma ba kayan wasa ba ne.

Waya fa? Ido da kunne kawai take ciyarwa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba yana kallon allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana.

Aikin gida: ku zaɓi wasa ɗaya, ku zauna minti 10 ba tare da kun ce "yi kaza" ba. Ku rubuta jimla uku a littafinku: abin da yaron ya fara ɗauka, abin da ya maimaita, da sau nawa hannunku ya so ya miƙe. Ku zo da su aji mu karanta tare.